Ƙwallon da Muka Buga Saboda Manu

Kwanakin baya na ratsa ta bayan makarantar firamaren garinmu, sai na tarar an zagaye filin ƙwallon da katangar bulo, an jera shaguna a gefen da ke kallon hanya. A shagon ƙarshe aka buɗe gidan kallon ƙwallo, janareto yana ta ƙugi a bayansa. Ranar kuwa an yi rasuwa a unguwar. Tabarmin zaman makoki suna shimfiɗe bai fi jifa ba daga ƙofar shagon, samari kuma suna ciki suna ihu saboda wani ya jefa ƙwallo a raga a ƙasar da babu wanda ya taɓa zuwa a cikinsu. Dattijon da ke kusa da ni a tabarma ya girgiza kai, ya ce yaran yanzu ba su da ta ido, ana kukan mutuwa suna kukan ƙwallo. Raina ya sosu kamar nasa, amma bakina ya yi nauyi, domin ni ma na taɓa buga ƙwallo a filin nan alhali garinmu yana cikin makokin da bai taɓa shiga irinsa ba. Mahaifina ne ma ya sa aka buga.

A lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanke mana jiha ba tukuna. Ruwan dam ya riga ya cinye tsohon garinmu tun ina ƙarami, aka kwaso mu aka zuba a tudu cikin gidajen da gwamnati ta gina, masu ɗaukar zafi da rana kamar tanda. Mu Sarkawa ne, ruwa ne gonarmu. Abin da ke tashe ni da asuba ba zakara ba ne, ƙarar filafilin tuƙi ce tana gugar gefen jirgi, da tarin Baba yana neman takalminsa, da hayaƙin banda da Inna ke hurawa a bayan ɗaki. In an dawo daga ruwa aikinmu ne mu shanya taru, mu tsince ciyawa da ƙaya daga cikinsa, mu kwashe ruwan cikin jirgi da ƙoƙo, mu toshe inda yake yoyo da tsumma da kwalta. Yanzu ƙarar inji ta cika bakin ruwa har mutum ba ya jin sallamar ɗan'uwansa, amma a da kana tsaye a kwata, inda jirage ke tsayawa, za ka ji wani yana kiran wani daga tsakiyar ruwa, har ka gane muryarsa. Tsofaffinmu kuma suna tuƙi suna nuna ƙasa da baki, suna cewa nan tsamiyar kasuwa take, can rimin ƙofar gari yake, a kauce. Garin da ya nutse yana nan a kansu, da itatuwansa da suka bushe a tsaye cikin ruwa.

Ƙwallon fata ɗaya ne tak a garin, yana hannun Malam Bawa, malamin firamare, mutumin Birnin Yauri. Shi ke kulle shi a kabad, shi ke hura masa iska da famfon keke, shi ne kuma alƙalin wasa. Bayan la'asar in ya fito da shi, sautin bugun farko yana kaiwa har kwata, sai ka ga samari suna barin aiki rabi da rabi suna gudu. Ƙafa a ƙasa muke bugawa, turakun gola na gwangwala ne, babu raga. Ni baya nake tsarewa. Yayana Manu, wanda nake bi, shi ne gola, kuma ban taɓa ganin mai hannu irin nasa ba. Dogo ne, baƙi, mai surutu. In yana tsaye a gola bakinsa ba ya rufuwa, yana kiran sunan kowa, yana zagin wanda ya yi sakaci, yana tsokanar 'yan gaban abokan wasa har su manta abin da ya kawo su. Baba kuwa ya tsani abin nan. Bai taɓa taka filin ba. Yakan ce shi bai ga hankali a ƙato mai gemu yana bin fata cikin rana ba, ga taru a yage yana jiran ɗinki. In muka dawo da ƙura a ƙafa sai ya tambaye mu kifi nawa ƙwallon ya kamo.

Muna da ƙanwa, Jummai, ita ce auta. Ita ke kai wa Inna kifin banda kasuwar tsallake, ta sayo gishiri da manja da sabulu. Ranar da abin ya faru ƙarshen damina ne, ruwa ya cika ya batse, ya rufe kan busassun itatuwan nan. Manu ya raka ta don kayan suna da yawa. Babban jirgin kasuwa mai inji shi ya kwashe su, shi kuma ya ɗauko su da yamma, cike da mutane da buhuna da awaki. Sun wuce rabin hanya iska ta taso. Waɗanda suka tsira sun ce jirgin ya hau kan kututture, ya tsage ta ƙasa, kafin a yi salati a gama ya kife. Ina bakin kwata ina shanya taru na ga wani ƙaramin jirgi yana tahowa da gudun da ba a saba ba, mai tuƙin yana ɗaga hularsa sama. Duk mai jirgi a garin ya shiga ruwa, har da tsofaffin da suka daina fita. Mutanen tsibiri da na garin Wara su ma suka zo.

Ba zan faɗi abin da na gani a bakin ruwa ba a kwanakin da suka biyo. Da ƙyar akwai gidan da ba a shimfiɗa tabarma a ƙofarsa ba. Wanda ya zo yi maka gaisuwa, kai ma sai ka tashi ka bi shi gidansa ka yi masa. An samu Jummai washegari, aka yi mata sutura tare da sauran. Wasu kuwa ruwa bai mayar da su ba har yau. Manu an tsamo shi da rai, rungume da reshen busasshen itace, sai da aka ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Wata mata da ta tsira ta gaya wa Inna cewa ta gan shi riƙe da Jummai da hannu ɗaya, yana ninƙaya da ɗayan, kafin igiyar ruwa ta rufe su duka. Shi bai ce komai ba. Bai ce komai ba ranar, bai ce ba ranar sadakar uku, bai ce ba ranar bakwai.

Garin ya yi shiru irin wanda ban taɓa ji ba. Aka daina kunna rediyo. Mata suna daka a hankali kamar suna tsoron turmi ya yi ƙara. Bukukuwan da aka sa bayan kaka duk aka ɗaga. Iyaye suka hana yara zuwa kwata, suka hana su ihu a lungu. Dama an shirya samarin Wara za su zo mu buga da su, Malam Bawa ya aika musu cewa an fasa, ya kulle ƙwallon, babu kuma wanda ya tambaye shi. Ni kaina in na tuna yadda nake kwana ina tunanin wasan nan sai kunya ta kama ni. Na ga Baba ya yi gaskiya tun farko, abin banza ne, fata ce da iska a ciki.

Mu a gida makokinmu biyu ne, na wadda ta tafi da na wanda ya rage. Manu yana zama a bayan ɗakin Inna, ya jingina da bango, ya cusa hannuwansa tsakanin gwiwoyinsa. In an kawo tuwo sai Inna ta zauna ta matsa masa ya kai loma biyu. Yana sallah in an ja shi masallaci, amma ko amin ba a ji daga bakinsa. Aka yi rubutu ya sha, aka yi hayaƙi, aka kai shi asibiti a Yelwa, suka duba suka ce jikinsa lafiya lau. Abin da ya fi tayar mana da hankali, wata safiya masu zuwa kamun kifi suka same shi a kwata, tsaye cikin ruwa har cinya, yana kallon tsakiyar tafkin. Suka riƙo shi suka kawo gida. Bayan 'yan kwanaki ya sake. Daga nan Baba ya cire ni daga aikin ruwa, ya ce aikina shi ne Manu, duk inda ya sa ƙafa in sa tawa. Inna ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Na taɓa jin ta tana cewa da Baba, "Malam, ruwa ya ɗauki ɗaya, ga shi shina kiran na biyu."

Ana gab da arba'in, wata hantsi muna tsakar gida, Baba yana ɗinkin taru, ni ina riƙe masa ɗaya bakin, Manu yana wurin zamansa. Zarena ya ƙare, na ce Baba ya miƙo. Ya ɗauki dunƙulen zaren ya jefo mini ba tare da ya ɗago kai ba, jifar ta kauce, ta nufi fuskar Manu. Sai kawai na ga hannu ya fito daga tsakanin gwiwoyi ya cafe shi a sama. Manu ya tsaya yana kallon zaren a tafinsa kamar wani ne ya sa masa. Ya juya shi, ya matsa shi, sannan ya ajiye a ƙasa a hankali ya mayar da hannunsa inda yake. Na dubi Baba, na ga shi ma ya gani. Ya ci gaba da ɗinki har aka kira azahar, amma na lura idon taru ɗaya yake ta maimaitawa.

Da la'asar ya ce in bar Manu wurin Inna in raka shi. Ban san inda za mu ba sai da na ga mun tsaya a ƙofar Malam Bawa. Bayan gaisuwa Baba ya ce, "Malam, abin nan naku na nan?"

"Wane abu, Baba?"

"Ƙwallon."

Malam Bawa ya dube ni, ya dubi Baba. Ya ce yana nan a kulle.

"Ina son ka hito da shi. Ka aika wa yaran Wara su taho, kamar yadda kuka shirya."

"Baba, garin ga na cikin makoki. In na busa usur yanzu, da wane ido zan dubi mutane? Cikin ɗalibaina ma akwai waɗanda ba su dawo ba."

"Na sani. Ni ma tawa ba ta dawo ba. Amma ina da wani da ke zaune bayan ɗaki, ban san ko na wanga gida ne ko na can ba. Na yi mishi duk abin da na sani, bai motsa ba. Yau na ga hannunshi ya motsa. Ban san mi ke cikin abin ga naku ba, ban kuwa ce ina sonshi ba. In shi ne ka tashe shi, a gwada."

Malam Bawa ya ce shi ba zai iya yanke wannan shi kaɗai ba, a kai maganar gaban manya.

Aka kai ta gindin ɗorawar masallaci bayan sallar Juma'a, kuma ba ta yi daɗi ba. Wani ƙanen kakanmu ya ce ko arba'in ba a yi ba, akwai waɗanda ko kabari ba su samu ba, a ce za a tara jama'a ana tsalle ana tafi. Wani da ya rasa matarsa ya miƙe ya ce da Baba, in ɗansa ne ya tafi, 'yar ta rage, zai so a yi wasa a kan kabarinsa? Ya kaɗe rigarsa ya tafi, kuma ya shekara bai amsa sallamar Baba ba. Ban ga laifinsa ba a lokacin, ban gani ba har yanzu. Wasu kuma suka ce yara sun daɗe a takure, har sun fara firgita cikin barci, gara a sake su. Liman ya saurari kowa, sannan ya ce shi bai san inda aka haramta ba, bai kuma san inda aka ce a yi ba, amma akwai haƙƙin maƙwabtaka. Katangar da ke jikin filin ta Gwaggo Hajo ce, duk bugun da aka yi a kunnenta zai sauka. In ta yarda a yi, in ba ta yarda ba a bar maganar.

Gwaggo Hajo bazawara ce, ƙawar Inna tun suna 'yan mata a tsohon gari. 'Ya'yanta maza biyu ne, duka suna cikin jirgin, kuma babban, Audu, shi ne ɗan gabanmu da ya fi kowa gudu. Gawar ɗaya aka samu, ta ɗayan ba a samu ba. Baba ya sa ni gaba muka tafi. Muka same ta a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faifai, shinkafar da ba ta fi cin mutum ɗaya ba. Baba ya tsuguna nesa kaɗan, abin da ban taɓa ganin ya yi wa mace ba, ya faɗi abin da ya kawo shi bai ɓoye komai ba. Ta daɗe tana tsintar tana jefar da tsakuwa.

Ta ce, "Ka san in aka buga abin ga, ƙafar Audu nika ji?"

"Na sani, Hajo. Shi ya sa na taho da kaina. In kin ce a'a, magana ta ƙare, ba kuwa mai jin haushinki."

"Manu na cin abinci?"

"Sai an matsa mishi."

Ta ajiye faifan. Ta ce, "Da nawa ne ya rage, da na bi gari gida gida ina roƙo. Ku yi. Amma kada a kawo ganga, kada a yi guɗa. Ni kuwa ba ni iya ji, ranar sai in tahi wurin ƙanwata can bakin kasuwa in wuni. Ku gaya mini ranar."

Baba ya yi mata godiya. Muna fita ta kira sunana, ta shiga ɗaki ta fito da jar rigar da Audu ke sawa in za a yi wasa, a wanke a ninke. Ta ce in kai wa Malam Bawa ya ba wanda ba shi da riga, ita ba ta son ta riƙa cin karo da ita a cikin kaya.

Samarin Wara suka zo a bayan wata tsohuwar mota, don babu wanda ya so a shiga jirgi saboda wasa. Da yawansu suna cikin waɗanda suka taya mu neman mutane a ruwa. Kafin su taka fili sai da suka bi gidajen makoki suka yi gaisuwa. Jama'a ta taru fiye da yadda na zata, amma tsaye kawai suke, hannu a baya, kamar masu jiran a fito da gawa. Wasu gidajen kuma an rufe ƙofa, ba wanda ya leƙo. Baba da kansa ya je bayan ɗaki ya ce, "Manu, tashi. Baƙi sun zo, ba mai tsare muna gida." Manu bai taɓa yi wa Baba musu ba ko da yake da lafiya. Ya tashi. Baba ya riƙe hannunsa suka ratsa gari, ya kai shi tsakanin gwangwala biyun nan ya tsayar, shi kuma ya koma bayansa kaɗan ya tsaya da carbinsa. Malam Bawa ya sa aka yi fatiha ga waɗanda suka rasu, sannan ya busa usur a hankali, kamar mai neman gafara.

Ban taɓa buga wasa mai nauyi irin wannan ba. Babu tafi, babu kiran suna, sai sautin ƙafa a kan fata da numfashin mutane. Manu yana tsaye, hannuwa a sake, ido a ƙasa. Ba a daɗe ba wani ɗan Wara ya buga wata mara ƙarfi, ta gangara ta wuce ta gefen ƙafarsa, bai ko kalle ta ba. Wanda ya ci bai yi murna ba, ya sunkuyar da kai ya koma. Aka sake, ta biyu ta shiga kamar ta farko. Na ji wani a bakin fili yana cewa wannan wulaƙanta yaro ne kawai, a mayar da shi gida. Na waiwaya na ga Baba bai motsa ba, sai carbin da ke gudu a hannunsa. Daga nan 'yan Wara suka fara jin nauyi, in sun iso gabanmu sai su buga waje da gangan. Da aka tafi hutu Baba ya kira babbansu ya ce, "Ɗana, ba tausai na kira ku ku yi mishi ba. Tausai mun yi har mun gaji. Ku buga mishi da gaske, kamar yadda kuka saba."

Aka dawo suka taso mana da gaske. Suna da wani gajere mai ƙafar hagu, ya ɗauko ƙwallo daga tsakiya ya nufo ni. Hankalina rabi yana kansa, rabi yana bayana wurin Manu. Ya yi kamar zai bi dama, na bi, ya zame ta hagu ya bar ni a zaune. Sai na ji murya daga bayana, a dishe kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Kai, ina kake kallo? Rufe hagu!"

Ban san lokacin da na juya ba. Gajeren ya riga ya saki ƙafa, ƙwallon ya tafi sama ta kusurwa, na ga Manu ya bar ƙasa gaba ɗayansa, ya miƙe a iska, ya kama shi da hannu biyu, ya faɗo da shi a ƙirji. Ƙura ta tashi. Muka jira ya miƙe, bai miƙe ba. Yana kwance a gefensa ya dunƙule, ya rungume ƙwallon, kafaɗunsa suna girgiza. Sannan kukan ya fito, irin na babban mutum, mai fitowa daga ciki, wanda tun ranar da aka tsamo shi bai yi ba. Na yunƙura zan je, Baba ya ɗaga mini hannu in tsaya. Malam Bawa ya cire usur daga bakinsa. 'Yan Wara suka zauna a ƙasa inda suke, mu ma muka zauna. A bakin fili na ga manyan mutane, waɗanda suka haƙa kaburbura ido a bushe, suna jan bakin riga suna rufe fuska. Matan da ke leƙe ta kan katanga su ma suka ɗauka. Babu wanda ya ce wa wani ya yi haƙuri. Aka bar kowa ya yi.

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Da kansa Manu ya tashi zaune, ya share fuska da gefen riga, ya miƙe, ya dube ni ya ce, "Ka tashi mana, ko nan za ka kwana?" Ya buga ƙwallon sama har tsakiyar fili. Sauran wasan bakinsa bai rufu ba. Ya zage ni, ya zagi na kusa da ni, ya ce wa gajeren nan ya dawo in ya isa. Wani yaro a bakin fili ya yi dariya, uwarsa ta kai hannu za ta rufe masa baki, sai ta fasa. Mun rama ɗaya kafin a tashi, wanda aka ba rigar Audu ne ma ya ci, mutane suka yi tafi kaɗan, suka tsaya, suka dubi juna, suka ci gaba.

Ba zan ce ƙwallo ya warkar da garinmu ba. Waɗanda suka tafi ba su dawo ba. Gwaggo Hajo ta dawo gidanta da magariba, ta aiko a tambayi Inna ko yaron ya tashi, aka ce ya tashi, ta ce alhamdu lillahi, amma har ta bar duniya in an fara wasa takan ɗauki mayafinta ta bar unguwar. Manu ma ya daɗe kafin ya sake shiga jirgi, kuma bai ƙara tsallaka tafkin nan ba sai ta mota, ko da zagayen zai ci masa wuni. Ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ta farkon ya sa mata sunan Jummai. In aka tambaye ni ko wasa yana da wata daraja a gaban mutuwa, sai in ce ba shi da ko kaɗan, ba a ma haɗa su. Amma masu rai sai sun sami inda za su tsaya kafin su ci gaba da tafiya, mu kuma a shekarar nan tsakanin gwangwala biyu muka samu. Bambancin da na gani da yanzu shi ne, mu sai da muka je muka tsuguna a gaban wadda abin zai fi yi wa ciwo.

Da muka koma gida ranar, rana tana faɗuwa, Manu bai nufi bayan ɗaki ba. Ya tsaya a ƙofar Inna ya yi sallama, ta amsa da muryar da ta tsorata, ya shiga. Ni da Baba muna tsakar gida muna alwala, muna jin muryarsa ƙasa ƙasa, yana magana yana tsayawa, yana gaya mata yadda aka yi a cikin ruwa, tun daga kifewar jirgin har inda hannunsa ya gaza. Ya daɗe yana faɗa. Sannan muka ji Inna ta ce, "Wanda ya ba ni ita shi ya karɓi abinshi, ba kai ka sake ta ba. Ka riƙe ta iyakar inda aka ba ka. Matso ka ci tuwo." Muka ji ƙarar murfin kwano.

Baba ya zauna a kan turmi da butarsa a hannu, ya saki wani dogon numfashi, kafaɗunsa suka sauko. Can ya ɗago ya dube ni.

"Wai ni kam, wa ya ci?"

Na ce, "Su suka ci mu, Baba. Biyu da ɗaya."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya zuba ruwa a ƙafarsa ta hagu.

"To, madalla," in ji shi. "Gobe ka tashe shi da wuri, akwai taru da ke jiran ɗinki."